Kwana Ashirin da Huɗu a Kunne

Ranar Laraba da hantsi, jirgin ruwan Port-Gentil na tsaka da shan kaya a tashar Port Môle, injin Alhaji Maitama ya sake ƙin aiki. Karo na uku ke nan cikin abin da bai kai wata uku ba.

Ba wani ƙaton abu ba ne injin. Kwamfuta ce baƙa a wani ɗan ɗaki mai taga ɗaya a bayan sito, amma duk kayan da Alhaji ke aika wa mutane ta ruwa sai sun bi ta kansa. A ɗora kwali a sikeli, kamara ta ɗauki hotonsa, inji ya tofo takarda mai lamba a manna, sannan 'yan dako su sungume shi su yi jirgi. In kamara ta ƙi buɗewa babu hoto, in babu hoto babu takarda, in babu takarda kuwa ma'aikatan jirgi sai sun ga dama su karɓa. To yau kamara ta ƙi buɗewa. Ga buhunan busasshen kifi da garin rogo da wani firiji sabo dal jibge a bakin ƙofa, masu kaya suna ta masifa cikin harshe uku.

Nazira ce injiniyar kamfanin. Wata huɗu ke nan da Alhaji ya ɗauke ta, saboda takardunta, da kuma saboda marigayi mahaifinta da suka yi zaman shago tare a kasuwar Mont-Bouët tun tana goye. Ta san aikinta, wannan kam ba za a yi mata ƙarya ba. Abin da ya ɓata ta shi ne ta san ta sani, kuma tun ranar da ta sa ƙafa a wurin take kallon kowa a matsayin wanda zai lalata mata inji da zarar ta juya baya.

Alhaji ya same ta a ɗakin inji, ya turo ƙofa.

"Injiniya, shi ne ko?"

"Kawu, ban gama dubawa ba."

"Ni na gama." Ya cire hula ya share gumi. "Yanzu na kira liman. Jibi in an sauko Juma'a dattawa za su zauna a unguwarmu Nombakélé, zan faɗa a gabansu cewa Zakiru ne ke ɓata min sana'a. Mutumin da zai yi wa ubangidansa haka bai kamata ya riƙe makullin masallaci ba. Ke dai ki kawo min shaida a takarda, irin taku ta boko, kafin sha biyun ranar Juma'a."

Nazira ta ce to. Ba ta ji tausayin kowa ba, gaskiyar magana. Wani ɗan daɗi ma ta ji, irin na wanda ya daɗe yana faɗar abu sai yau aka yarda.

Baba Zakiru mutumin Maraɗi ne, ya ba sittin baya, shi ke riƙe da siton Alhaji tun kamfanin yana rumfar kwano. A Nombakélé kuma shi ke buɗe masallacin unguwa ya rufe, shekara goma sha tara bai taɓa sa mutane jira a ƙofa ba. Ba shi da gida a garin, ba shi da mota, wannan makullin shi ne duk abin da ake nuna shi da shi. Yana da wata ɗabi'a da duk Port Môle an san shi da ita. Kowace Juma'a da rana ta kusa tsaka, sai ya sa 'yan dako su fito da duk abin da ya kwana a sito, ya share, a mayar da kaya a jera daga jikin bango, manya gefe, ƙanana gefe. Sannan ya bi ya kashe fanka, ya kashe fitila, ya kashe rediyo, ya kashe inji, ya kulle ya tafi salla.

Wannan kashe injin ne Nazira ta gano a makonta na biyar, ta kuwa hau sama. Ta gaya wa Alhaji cewa tsohon nan zai ƙona masa faifan da duk hotunan kayan mutane ke ciki. Alhaji, da ba ya iya faɗa sai da 'yan kallo, ya kira Baba Zakiru a bakin ƙofa gaban 'yan dako. Tsohon ya buɗe baki ya ce, "Ai Hamadou ne ya..." sai Nazira ta tari numfashinsa.

"Baba, bari waɗanda suka karanci abin su yi magana."

A nan aka karɓi makullin ɗakin inji da na sito daga hannunsa, aka ba shi benci a bakin get ya riƙa gadi. Nazira ta sa aka sayo ondilar, batirin da ke riƙe wuta in an ɗauke, don kada injin ya sake mutuwa ko na ƙiftawar ido. Ta kuma manna takarda a ƙofar ɗakin cewa kada a kashe. Da yake Baba ba ya karanta boko, sai ta sa Alhaji ya rubuta mata da ajami. Duk kamfanin babu wanda ke buƙatar ajami sai mutum ɗaya, kuma kowa ya gane. Baba Zakiru ya tsaya ya karanta takardar har ƙarshe, ya gyaɗa kai.

"To. Ku bar shi kunne. Za ku gani."

Kwana ashirin da huɗu bayan nan kamara ta ƙi buɗewa. Nazira ta kashe inji ta kunna, ya dawo garau. Aka yi kwana ashirin da uku, ya sake. Yau kuma ga na uku. Wa zai ji wancan "za ku gani" ya manta?

Wannan karon ta ƙi kashewa. In wani ya taɓa injin, kashewa da kunnawa zai share sawunsa, ita kuwa sawun take nema. Ta ce wa Matthew, mai kula da sikeli, ya ɗauko biro ya rubuta takardun kaya da hannu, Alhaji ya je ya roƙi mutanen jirgi. Matthew ɗan Kafanchan ne, shekararsa ɗaya a kamfanin, mutum mai fara'a da yawan shan shayi. Ya ɗauki biron, amma bai fita ba. Ya tsaya yana murza murfinsa.

"Madam, akwai wata magana. Ban san ko tana da amfani ba."

"Ina ji."

"Shekaranjiya Baba ya tambaye ni kwana nawa inji ya yi ba a kashe ba. Na lissafa na ce ashirin da uku. Sai ya ce, saura kaɗan."

Nazira ta ɗago kai a hankali.

"Haka ya ce?"

"Haka ya ce. Wancan karon ma ya tambaya."

"Shi ne ba ka faɗa min ba sai yau."

Matthew ya ce ya ɗauka hira ce. Ta bi shi da kallo har ya fita, ta kuma ƙara sunansa a lissafin da take yi a ranta. Ai kullum da safe tare suke shan shayi da tsohon a kan bencin get. Wa ya sani ko shi ke buɗe masa taga?

Duk yinin nan farauta ta yi. Tun bayan karo na biyu ta liƙe duk kafofin injin da salatif, ta yi wa kowanne ɗigon jan farce a gefe. Ta duba, babu wanda aka ɗaga. Zaren da take saƙalewa a saman ƙofa in za ta tashi yana nan yadda ta bar shi. Ta buɗe kundin masu shiga inji, daga nesa ko daga kusa, ba ta ga sunan kowa ba sai nata. Ta tuhumi wuta, ondilar ya nuna wuta ba ta ko girgiza ba. Da la'asar ta hango wani ɗan ƙulli a ganye an ajiye a dakalin taga ta waje. Ita da ke dariyar masu maganar asiri, sai ga ta tana tura ƙullin da bakin sukudireba, tana karanta abin da ya zo bakinta. Goro ne guda biyu, ɗaya an gutsura.

Ta leƙa ta tagar. Baba Zakiru na zaune a bencinsa da carbi, kuma ɗakin inji yake kallo. Da suka haɗa ido bai kawar da kai ba, ita ce ta kawar.

Ranar Alhamis ruwa ya wayi gari yana zuba. Daga gida a Angondjé zuwa Port Môle sai da ta yi awa biyu a taksi, ta iso da gefen zaninta a jiƙe da rai a ɓace. Ta gama tuhumar mutane ba ta samu komai ba, don haka ta juya kan abin da ya kamata ta fara da shi tun jiya, wato ta tambayi injin kansa.

A can ƙasan duk manhajojin kwamfuta akwai guda ɗaya da ake kira kanel. Shi ne mai rabon wuri. Ƙwaƙwalwar inji a yanke take ƙanana-ƙanana, kowane yanki ana ce masa shafi, kuma duk manhajar da ke son wurin ajiye abu sai ta roƙi kanel ya ba ta shafuka. Yana da kundinsa da yake rubuta ƙorafi. Nazira ta buɗe, ta gangara zuwa ƙarfe goma da minti bakwai na safiyar Laraba. Ga shi nan ɓaro-ɓaro. Kamara ta nemi shafi ɗari da ashirin da takwas a jere, manne da juna, kanel ya ce ba shi da su.

Ta duba yawan ƙwaƙwalwar da ba a amfani da ita. Kusan kashi ɗaya cikin uku fanko ne, wurin da zai ɗauki abin da kamara ta nema sau dubbai.

"Ƙarya kake," ta ce wa allon.

Abin da ya fara zuwa mata shi ne an yi wa kundin kutse. Wani wanda ya fi Baba da Matthew wayo ya shiga ya rubuta ƙorafin ƙarya don ya ɓatar da ita. Ta ɓata rabin awa a kan wannan tunanin kafin ta tuna da wani ɗan jadawali da kanel ke ajiyewa, wanda rabonta da kallonsa tun tana makaranta. Layi ne na lambobi goma sha ɗaya. Ta farko tana faɗar shafukan da suke fanko ɗaiɗai, ta biyu masu zama bibbiyu a jere, ta uku hurhuɗu, haka ake ninkawa har ƙarshe. Ta kira shi ya fito.

Lambar farko dubu ɗari biyu da 'yan kai. Ta biyu ma ta yi kauri, haka ta uku. Daga nan suka fara ramewa, ɗari uku, sha ɗaya, biyu. Huɗun ƙarshe kuwa sifili ne reras, kuma a cikinsu ne buƙatar kamara ta faɗa.

Ba a yi mata ƙarya ba. Wuri akwai, amma a warwatse yake. Ta ba kanel umarni ya tattara, ya matsar da abin da zai matsu don fanko ya haɗu da fanko. Ya yi iya yinsa, lambobin tsakiya suka ɗan motsa, sifilin nan huɗu ko gezau. Ta bi ta ga dalili. Kowane hoto da aka ajiye, kowace takarda da aka buga, kanel kan kafa wa kansa wani ɗan abin tunawa a duk shafin da ya samu, kuma irin waɗannan ba sa matsuwa. Guda ɗaya ya isa ya raba fili mai faɗi gida biyu. Kullum ana ƙara kafawa, kullum manyan filaye na tsagewa, har ranar da tsohuwar manhajar kamarar nan, wadda ba ta karɓar wuri sai a dunƙule, za ta nema a rasa. Wannan ɓarna ba ta buƙatar hannun kowa, kwanaki kawai take buƙata.

Nazira ta jingina da kujera. Wani zai ce a nan zargi ya ƙare, amma bai san ta ba. To in haka ne, ta yaya tsoho da ba ya karanta boko ya san saura kaɗan? Ta buɗe kundin kunnawa da kashewa na shekara biyu, da niyyar ta samo ko da abu ɗaya da za ta riƙe a kansa.

Juma'a bayan Juma'a suka jeru a allon, sha biyu da 'yan mintuna a kashe, uku saura a kunna. Wannan ta gani tun wata uku da suka wuce. Abin da ba ta tsaya ta karanta ba a lokacin shi ne kalmar da ke gefen kowane layi. In an fizge wa inji wuta, kundin yakan rubuta cewa faɗuwa ya yi. Waɗannan duk cewa suka yi an rufe shi bisa ƙa'ida, ya adana komai ya kwanta da kansa. Fiye da Juma'a casa'in, babu fizga ko ɗaya. Faifan da ta rantse zai ƙone bai taɓa shiga haɗari ba.

Sai kuma wani giɓi, a watan Agustan bara. Juma'a uku a jere babu kashewa. Ta nemo tsohon kundin ƙorafi na watan, ta buɗe. A kwana na ashirin da huɗu, ga kamara tana neman shafi ɗari da ashirin da takwas, ga kanel yana cewa babu.

Ta ɗauki lema ta fita bakin get. Baba Zakiru ya ja bencinsa ƙarƙashin kwano, ruwa na zuba a gabansa. Ta gaishe shi, ya amsa a taƙaice.

"Baba, bara a watan Agusta kana ina?"

Ya dube ta sama da ƙasa.

"Cikin takardar da za a kai ma liman za a sa?"

"Tambaya ce kawai."

"Maraɗi nike. Wana ya rasu. Alhaji da kanshi ya kai ni filin jirgi."

"Da ka dawo fa?"

"Na iske an ce inji ya yi gardama, wai ruwan sama ne ya taɓa kuran, wutar lantarki. Ni dai na san ba ruwa ba ne." Ya juya carbinsa. "Hamadou da ya kafa shi, kafin ya koma gida, ya kama hannuna ya aza bisa maɓallin. Ya ce, Baba, duk sati ka danna sau guda, kada ka riƙe, ka jira har fitila ta mutu da kanta. Ya ce in ya wuce sati uku kunne, kamara za ta ƙi. Ban tambaye shi dalili ba, ba karatuna ba ne. Na ga Juma'a ce ranar da nike kashe komi, sai na haɗa da shi."

"Me ya sa ba ka faɗa ba?"

Kallonta kawai ya yi. Ta ji kunya ta rufe ta tun daga kai har ƙafa, don ta tuna inda aka tsaya da wadda ta katse shi.

Don ta samu abin cewa, sai ta shiga yi masa bayanin shafuka da jadawali, tana yi tana in'ina, ita da ba ta taɓa in'ina a kan inji ba. Ya saurara kaɗan, sannan ya nuna bakin sito da haɓa. Firijin nan na jiya yana nan a waje, an lulluɓe shi da tamfol, ruwa na taruwa a samansa.

"Kin ga wancan? Ya kwana waje. Shiga mangazar ki gani, ba ta cika ba. Tun da aka amshe mini makulli kowa inda ya ga dama yake aje kaya, kwali nan, buhu can. In kin haɗa wurin da ya rage, firiji biyar za su shiga. Amma babu inda guda zai tsaya."

"Shi ne, Baba. Shi ne daidai abin da ya samu injin."

"To." Ya mayar da ido kan ruwa. "Liman ya aiko. Wai gobe kafin salla in ba Ilyas, wani ɗan unguwar, makullin masallaci ya riƙe, har a gama magana."

Ya faɗe shi ba tare da muryarsa ta canza ba, amma ta ga hannunsa ya kai aljihun gaban rigarsa ya dafe. Ta tsaya da lema a hannu, kalmar haƙuri tana bakinta, ta kasa fitowa. Ta ce ruwa na ƙaruwa, ta koma ciki.

Kafin a tashi aiki ta rubuta takardar da Alhaji ya nema. Ta rubuta ta da kyau, da jadawali da kwanan wata. Matsalar manhaja ce, ta ce, ƙwaƙwalwa ce ke tsagewa in inji ya daɗe a kunne, kuma akwai magani, za a keɓe wa kamara wurinta tun lokacin kunnawa yadda babu abin da zai shiga ciki. Duk gaskiya ne. Sai dai ko'ina a takardar babu inda aka ce wane ne ya hana kashe injin.

Juma'a da ƙarfe sha ɗaya ta kai wa Alhaji a ofis. Ya riga ya sa babbar riga ya fesa turare. Ya karanta rabi, ya ajiye, ya ƙura mata ido ta saman tabarau.

"Jiya an ga kina hira da shi a get."

"Tambaya na yi masa."

"Kuka ya yi miki? Ko ɗan Kafanchan ɗin nan ne ya roƙe ki?"

Abin ya yi mata zafi, ta kuma gane ɗanɗanonsa, don irin kallon da ta yi wa Matthew ke nan shekaranjiya. Ta juya takardar zuwa shafi na biyu ta ɗora yatsa a kan Agustan bara.

"Kawu, ranar nan injin ya yi irin wannan gardamar, harafi da harafi. Ina Baba yake?"

Alhaji ya duba kwanan watan. Ya shiga lissafi da leɓe. Can ya cire tabarau ya ajiye a kan tebur.

"Ni na kai shi filin jirgi," ya ce.

Sannan Alhaji ya gyara zama irin na mutumin da ya samo mafita.

"To shi ke nan, Allah ya rufa asiri. Zan kira liman in ce an sasanta. Ke ki yi gyaranki, maganar ta mutu a ɗakin nan. Ba sai an tona wa ya ce me ba, ni da ke duk ba za mu ji daɗi ba."

Tayin ya yi mata daɗi, kuma ta ji haushin kanta da ya yi mata daɗin. Ba wanda zai san injiniya mai takardu ce ta kashe maganin da hannunta. Amma a Nombakélé aka haife ta, ta san yadda ake jin kalmar sasantawa a can. Za a ce ya yi, Alhaji ya yafe masa. Ilyas zai riƙe makulli na mako guda, mako ya zama wata, kuma babu wanda zai sake tayar da zancen, saboda kara.

"Kawu, a bakin ƙofa aka karɓi makullin nan," ta ce.

Ba ta jira amsarsa ba. Ta fita tsakar wurin, inda 'yan dako ke wanke ƙafa a bakin famfo, Matthew na naɗe igiyar sikeli. Ta ce su ɗan saurara.

"Ranar da aka karɓi makulli a hannun Baba kuna nan, shi ya sa nake so ku ji. Babu wanda ya taɓa injin nan. Kashewar da Baba yake yi duk Juma'a ita ce ta riƙe shi shekara da shekaru, kuma yadda ya kamata yake kashe shi. Ni ce ban duba ba na ce zai lalata. Ni na hana, shi ya sa ya lalace. Ya so ya faɗa min, na hana shi magana."

Wani ɗan dako ɗan Kamaru ya tambayi na kusa da shi me ta ce, aka juya masa da Faransanci, ya saki baki. Matthew ya sunkuyar da kai yana murmushi. Nazira ta taka har bencin get, ta durƙusa, ta ciro makullin ɗakin inji da na sito da ke wurinta, ta miƙa da hannu bibbiyu.

"Baba, ka yafe min."

Baba Zakiru bai yi saurin karɓa ba. Ya dubi makullan, ya dubi Alhaji da ya fito ya tsaya a ƙofar ofis yana gyara hular da ba ta karkace ba. Sannan ya karɓa, ya miƙe, ya nufi ɗakin inji, ta bi shi a baya. Sha biyu da kwata. Ya duƙa gaban injin, ya danna maɓallin sau ɗaya, ya janye hannu, ya tsaya. Suka jira tare har fitilar ta mutu da kanta.

Daga waje Alhaji ya ɗaga murya yadda duk wurin za a ji.

"Malam Zakiru, zo mu tafi, kada mu makara. Gaba za ka zauna. Ni zan yi wa liman bayani da bakina, Ilyas ya nemi wani aikin."

Tsohon ya dafa aljihun gaban rigarsa, ya fito. A bakin ƙofa ya tarar da Nazira ta kama gefen takardar ajamin tana ja. Wata uku na zafi da gishirin teku sun gasa gam ɗin, takardar ta yage a tsakiya, rabin rubutun ya zauna daram a jikin katako. Ta sa farce tana kankara, idonta ya cika.

Ya tsaya ya dube ta, ba da fushi ba.

"Yi a hankali, ɗiyata. Ya daɗe a wurin, ba zai fita yau duka ba."

Ya wuce ya shiga gaban motar. Tana jin su suka fita get, ita tana nan tsaye tana kankarar takarda.